Aikin na iya shi, bakina ne ya ƙi buɗuwa: labarina a makarantar jinya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan cikin garin Kaduna, nas kaman yanda aka fi kiranmu, kuma na daɗe ina juya wannan maganar a raina kafin na iya zama na rubuta. Abinda yasa na rubuta shine duk sanda aka turo mana ɗalibai fostin, wato koyon aiki a asibiti, sai na hango irina a cikinsu, wata ta maƙale a bayan 'yan uwanta ta rungume littafi a ƙirji, ko wani yaro da in an masa tambaya sai zufa ta keto masa alhali amsar tana bakinsa. Sai kaji ana cewa basu da ƙoƙari, ko suna da girman kai. Ni nasan abinda ke cinsu, dan ya kusa rabani da karatuna, kuma tun kafin ya kai ga karatun sai da ya fara rabani da ganin ƙimar kaina.

A Tudun Wada aka haifeni. Tun ina ƙarama da shiru ake yabona. In baƙi suka zo sai in shige uwar ɗaka in ƙi fitowa sai sun tafi, Goggona tace wa Umma "kai wannan 'ya taki akwai kunya, Allah yasa sauran suyi koyi da ita", Umma tayi murmushi. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake ji a cikin ɗakin nan, kuma nima bansan abin faɗa bane. Zuciyata ke bugawa, kunnena na kan muryoyinsu, ina ta addu'a kar a kira sunana ace in zo in gaishe su. A islamiyya ina da hadda sosai, a gida zan karanto shafi guda ba gargada, amma ranar da Malam yace in tashi in biya a gaban aji harafi ɗaya sai ya gagareni. Wajen shekara 13 abin ya ƙara ƙarfi, ko aikena akayi Kasuwar Bacci in mai shago ya bani canji bai cika ba bana iya cewa komai, sai dai in dawo gida in sha faɗa.

Aikin jinya kuwa a asibiti ya shiga raina, ranar da muka kai Yayata haihuwa. Wata sista Bahaushiya ce ta karɓeta, ta riƙe mata hannu tana mata magana a hankali har Allah ya sauketa lafiya, ni ina tsaye bakin ƙofa da fulas ina kallon ikon Allah. Da na faɗa wa Abba abinda nake so bai ja ba, cewa yayi in 'ya'yanmu mata basu yi wannan karatun ba to wa zai duba mana matanmu. Har labarin Rufaida ya bani, sahabiyar da ta kafa tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) tana jinyar waɗanda suka ji rauni. A ƙarshen 2019 na samu gurbi a makarantar koyon jinya.

Wanda yayi makarantar nan yasan wata shidan farko da ake kira PTS, karatu ne ba ɗaga kai, daga ƙarshe ayi jarabawa, wanda bai ci ba ya tattara kayansa. Wannan bai bani tsoro ba dan ni da takarda bamu da matsala. Abinda ya girgizani ranar farko ce, da akace kowa ya tashi ya gabatar da kansa da turanci. Kun san Kaduna, aji ɗaya zaka samu Bahaushe da Bajju da Atyap da Gbagyi da Bayarabe da Ibo, wasu daga makarantun kuɗi suka fito turanci a bakinsu ba gargada, ni kuma makarantar gwamnati nayi. Layi na matsowa kusa dani ina jin hannuna na sanyi, bakina ya bushe ƙaf. Da na tashi na faɗi sunana, na zo wata kalma mai harafin p sai ta fito da f irin namu na Hausawa, wasu a baya suka kwashe da dariya. Inaga su kafin a tashi aji sun manta. Ni kuwa na ɗauki dariyar nan na tafi da ita hostal, na kwana da ita, na shekara da ita. Daga ranar na koma kujerar ƙarshe jikin bango.

Sai rayuwata ta koma lissafin yanda zan kauce wa ido. In na makara lakca ko da minti kaɗan ne bazan shiga ba, dan bazan iya ratsa mutane suna zaune suna kallona ba, gara in tsaya bayan taga in rubuta abinda na jiyo. Bana cin abinci a inda ɗalibai ke ci, sai in saya in kai ɗaki, in da mutane a ɗakin in jira su fita, wani lokacin garin kwaki da suga ne abincin darena alhali da kuɗi a jakata. In aka raba mu rukuni aka bamu aikin da za'a gabatar a gaban aji, ni zan yi binciken, ni zan rubuta komai da komai, sai in roƙi wata ta tashi ta karanta, ita a tafa mata, malama ta rubuta sunanta. Da korona ta zo a watan Maris na 2020 aka rufe makarantu aka kulle Kaduna, mutane na kukan kulle ni wallahi wani sauƙi naji a raina, kuma da aka dawo aka ce dole kowa ya sa takunkumi naji daɗinsa dan ya rufe min rabin fuska. Yanzu in na tuna sai tausayin yarinyar nan ya kamani, ace annoba ce ta zame mata hutu.

Wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, shi ne ya tona komai. A aji zaka iya ɓuya, a wod ba wajen ɓuya, aikin gaba ɗayansa magana ne da mutane kuma a gaban mutane. Da safe akwai miƙa aiki, a bi gado gado kina faɗin yanda mara lafiya ya kwana, sista incaj na tsaye, sauran nas nas na tsaye, 'yan jinya na kallo. Sannan zagayen likitoci, babban likita da tawagarsa, ya juyo yace "ɗaliba, nawa ne awon jininsa na safe?" Ni na auna, ni na rubuta a fayil da hannuna, lambar na kaina, amma sai inji maƙogwarona ya toshe, kunnena na wani irin ƙara, in tsaya ina kallon takalmina har wata ta amsa. Abin mamakin shine in dare yayi, daga ni sai mara lafiya, hannuna baya rawa ko kaɗan. Zan auna zafin jiki, in ƙirga bugun jini, in gyara ƙarin ruwa, in juya tsohuwar da bata iya juyawa dan kar bayanta yayi gyambo, muyi hira da Hausa har tayi bacci. Amma a ce sista ta tsaya a kaina tace "ja maganin nan a sirinji in gani", shikenan, allura na kaɗawa a hannuna kowa na gani, ita kuma ta daka min tsawa ta karɓe, tace in matsa in ba wanda ya iya waje.

Akwai wani littafi da kowane ɗalibi ke yawo dashi, duk aikin da ka koya ka yi sai ka kai wa sista ta sa maka hannu, wankin ciwo, allura, sa robar fitsari, gyaran gado, duka. Nawa littafin kusan fari fat yake. Ayyukan nayi su, wasu ma nafi kowa yinsu tunda ni bana zaman hira, amma in tunkari sista ince "Ma, dan Allah a sa min hannu" shine ya gagara. Sai in riƙe littafin in je har bakin ofis in juyo. Da malamarmu ta duba littattafai ta ɗaga nawa a gaban aji tace ga misalin ɗalibar da take zuwa wod yawon buɗe ido.

Toh anan ne abin ya fara cin cikina. Sunaye suka fara bina, wasu suce miskila, wasu suce ji da kai ne dani dan bana gaisuwa da fara'a, wasu suce ai dama haddace takarda kawai na iya, a aikace ba komai a kaina. Da farko nakan ce a raina basu sanni bane. Amma magana in ana maimaita maka ita kullum kuma baka da bakin karewa, wata rana sai ka wayi gari ka yarda. Na fara gaya wa kaina abinda yafi nasu muni. In na ci jarabawa da maki mai kyau sai ince sa'a ce, ko tambayoyin ne suka zo da sauƙi. In mara lafiya yace "Allah ya miki albarka 'yata" sai ince dan bai san sauran sun fini bane. In kuwa kuskure ɗaya ya faru, ko murya ce ta ɗan rawa, wannan shine gaskiyar ko ni wacece. Kullum dare in na kwanta sai in dawo da duk abinda ya faru a ranar, me nace, yaya nace, wa ya kalli wa, waccan murmushin da tayi dani take, in ta tisawa har wajen asuba. Gara ce ta shiga azara, daga waje gini na tsaye lafiya lau da farin yunifom da hula, ciki kuwa an cinye. Har ta kai bana son ganin kaina a madubi da yunifom ɗin, gani nake kayan wasu na ara, ba'a jima ba za'a gane a kore ni.

Kuma abin yana ciyar da kansa, wannan sai daga baya na fahimta. Tsoro ya hanaki magana, rashin maganar yasa a ɗauka baki iya ba, ke kuma ki ƙara raina kanki, wanda ya raina kansa kuwa gobe tsoronsa yafi na yau dan yanzu ya tabbata in ya buɗe baki shirme zai fito. Wata rana naga hannun wani yaro ya kumbura a inda aka sa masa ƙarin ruwa, alamar kanular ta fita daga jijiya ruwan na taruwa a ƙarƙashin fata. Na rufe ruwan, amma zuwa in faɗa wa sista da ke zaune cikin manyanta suna magana sai naji ƙafata ta ƙi tafiya, sai wata ƙawata na jawo na raɗa mata ita ta je ta faɗa. Yaron bai samu matsala ba alhamdulillahi. Ni ce na kwana ina kuka, ina cewa in da abin gaggawa ne fa, in da ƙawar bata nan fa? Daren nan na yanke shawarar barin makaranta. Akwai wanda ke nemana a lokacin, nace gara inyi aurena in zauna a ɗaki inda ba mai kallona.

Da na je gida na faɗa wa Umma, bata yi faɗa ba, kallona tayi tace "ke da kike kwana karatu, me aka miki?" Na kasa bayani, nace ni dai in na shiga mutane ji nake kaman zan mutu. Hankalinta ya tashi, ita a ganinta baki ne ko kambun baka, Goggo kuma tace a bincika ko shafar aljanu ce. Aka karɓo rubutu, aka min ruƙiyya, aka bani addu'o'i. Bana raina wannan ko kaɗan, iyayena sun yi abinda suka sani ne da soyayya, kuma addu'ar Annabi Musa da ke cikin suratu Ɗaha, wadda ya roƙi Allah ya buɗe masa ƙirji ya warware ƙullin harshensa, har gobe ita nake karantawa kafin in shiga wod. Abba ne yace ba maganar barin makaranta, in koma in ƙarasa shekarar tukun. A hostal kuma wata da ta lura dani ta kawo min nata maganin, ƙwaya, tace in na sha rabi kafin in tashi gaban aji ko gwamna zan iya yi wa magana. Allah ya tsare ban karɓa ba, tsoron Abba ya hanani. Amma ina so a san wannan, ba duk yarinyar da ta faɗa shan ƙwaya ko maganin tari mai kodin bace 'yar iska, tun kafin gwamnati ta hana shi a 2018 da bayan nan, da yawa abinda suke nema kenan, abinda zai cire musu tsoron mutane na awa biyu.

Sauƙin ya zo ta inda ban zata ba. Cikin karatunmu dole kowa yayi fostin na fannin ƙwaƙwalwa, mu aka turamu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Da fargaba muka tafi dan kun san sunan da mutanen gari ke kiran wajen. Wata rana aka zaunar damu ana mana darasi akan cututtukan fargaba, mai koyarwar ta zo kan wanda tace shine tsoron mu'amala da jama'a. Tace mutum ne ke tsananin tsoron duk inda za'a sa masa ido, yana ganin zai yi abin kunya ko a ga yana rawa a raina shi, sai ya dinga gudun wajen ko ya daure cikin azaba, kuma kafin a kira shi ciwo sai ya kai wata 6 ko fiye yana hana mutum karatunsa ko aikinsa ko zamansa da mutane. Tace yawanci yana farawa ne a ƙuruciya, wajen shekara 13. Ta bayyana rawar hannun da bushewar bakin da bugun zuciyar, tace sinadarin adiranalin ne jiki ke saki kaman mutum ya gamu da abin da zai halaka shi, alhali idon mutane ne kawai. Ni dai ina zaune a baya, biro a hannuna, na kasa rubuta komai, dan tarihina ake karantawa a gaban aji.

Ta nuna mana wata takardar gwaji ta wani likita Liebowitz, tambaya 24, kowacce ka faɗi yawan tsoronka da yawan gudunka. Cin abinci a gaban mutane. Yin aiki ana kallonka. Rubutu ana kallonka. Magana da manya masu iko. Shiga ɗaki bayan kowa ya zauna. Mayar da kaya shago. Sai naga ashe har abubuwan da nake ɓoyewa ina ganin ni kaɗai ce mai wannan wautar a duniya, wani a wata ƙasa ya riga ya jera su a takarda tun kafin a haifeni. Sai ta biyu, ta Rosenberg, ta auna yanda mutum ke ganin ƙimar kansa, jimla 10 ce kacal tun 1965 ake amfani da ita. Ɗaya a ciki cewa take wani lokacin ina jin bani da amfani ko kaɗan. Na cike su a ɓoye a bayan littafina. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri iri, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Ban iya tunkararta da baki ba. Takarda na yaga na rubuta "Ma, abinda kika koyar yau ina ganin ina dashi", na ajiye mata akan tebur na fita da sauri. Washegari ta kirani gefe, bata yi min kallon mamaki ba, tace "ƙanwata zauna, kin kyauta da kika faɗa." Ita ta haɗani da masaniyar halayyar ɗan adam, muka fara zama, irin maganin da suke kira CBT, na gyaran tunani da ɗabi'a. Umma kaɗai na faɗa wa, ita ma tace kar dangi su ji, kar ace 'yarta na zuwa Barnawa a rasa mai aurenta. Ban ga laifinta ba, haka garin yake.

Ni na zata hira za'a dinga yi ana lallashina. Ashe aiki ne. Masaniyar ta sa na jera abubuwan da nake tsoro daga ƙarami zuwa babba, muka fara daga ƙasa. Gaida mai gadi da suna ina kallon fuskarsa. Tambayar mai Keke kuɗin mota in kuma nemi ragi. Cin abinci a cikin ɗalibai. Kai littafina a sa min hannu. Kafin kowanne sai in rubuta abinda nake tsammanin zai faru, bayan nayi in rubuta abinda ya faru da gaske, kuma kusan kullum na biyun baya kai na farkon. Ta kuma gano dabarun da nake yi ina ganin suna kareni, sunkuyar da kai, magana ƙasa ƙasa, haddace jimla kafin in faɗa, damƙe sirinji da ƙarfi dan kar ya rawa, tace su ne ma ke ƙara jawo min ido, damƙewar ita ke ƙara rawar. Wata rana ta ɗaukeni bidiyo da waya ina miƙa aiki na gwaji. Kafin in kalla tace yaya kike ganin kin fito, nace ina rawa kaman mazari, fuskata duk zufa. Da na kalla sai naga wata yarinya mai sanyin murya tana bayani daidai, in ba an faɗa maka ba bazaka san tana jin tsoro ba. Na daɗe ina kallon bidiyon nan. Shekara da shekaru hoton da ke kaina nake ɗauka shine abinda mutane ke gani.

Abinda yafi min amfani cikin duka shine da tace in na tsaya gaban gado, hankalina gaba ɗaya yana kaina ne, muryata, hannuna, fuskata, to in kwashe shi in mayar kan mara lafiyan, launin idonsa, numfashinsa, abinda yake buƙata a faɗa a madadinsa. Ni ba'a bani ƙwaya ba, amma akwai waɗanda likita ke haɗa musu da magani, kuma ba abin kunya bane, abin dai ya zama likita ne ya rubuta.

Ba rana ɗaya na warke ba, akwai satin da na koma baya har na ƙi zuwa zaman. Amma akwai wata Iya da bazan manta ba. A wod ɗin mata aka kwantar da ita da ciwon suga, daga wani ƙauye ta hanyar Birnin Gwari, bata jin turanci ko kaɗan, duk abinda likita ya tambaya sai tace "toh". Ana mata allurar insulin, amma wasu ranaku sai awon sugan ya faɗi ƙasa da 3.9, wato yayi ƙasa sosai, ta hau zufa da rawar jiki, an rasa dalili. Ina dutin dare sai na ganta wajen ƙarfe huɗu tana shan kunu a ɓoye. Nace "Iya lafiya, yunwa ce?" Tace "a'a 'yar nan, sahur nake, yau Alhamis, ni tun ina amarya ban taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba." Abincin rana kuwa jikarta take miƙa wa. Na zauna na mata bayani da Hausa yanda allurar nan ke aiki, in ba abinci a ciki zata iya sumar da mutum, kuma Allah da kansa ya ɗauke wa mara lafiya ko da na farilla ne balle nafila. Ta yarda ta ajiye na ranar. Na faɗa wa nas ɗin da muke tare muka rubuta, amma da safe da tawagar likitoci suka iso gadon ana ta maganar canza yawan allurar, naga ba wanda ya duba abinda muka rubuta. Zuciyata ta fara aikinta. Na kalli Iya, ta kalleni. Na ɗaga hannu nace "Sa, azumi take yi." Muryata ta rawa, turancin ma bai fito yanda nake so ba. Babban likitan ya juyo yace wace rana da wace rana, na faɗa, aka duba fayil aka ga ranakun sun yi daidai da faɗuwar sugan. Yace madalla, ya sa in tambayeta wasu abubuwan in fassara masa, suka wuce gado na gaba. Ba wanda yayi dariya, ba wanda ma ya kula da rawar muryar. Hausar da nake jin kunyar ta lalata min turanci ita ta buɗe bakin Iya. Ranar da hannuna na kai littafina ofis, sista ta sa hannu tana tambayata ina na ɓoye duk wannan lokacin.

A jarabawar ƙarshe ta kansil, wato hukumar da ke yi wa nas nas rijista, akwai ɓangaren aiki da ake kira oske, tasha tasha ne, kowacce 'yan mintuna, mai jarabawa na zaune da takarda yana kallon hannunki, a kaɗa ƙararrawa ki matsa gaba. Da a shekarar farko aka kaini wajen nan da sumewa zanyi. Hannuna ya rawa a tashar farko, na barshi ya rawa na cigaba da aikina, kafin ta uku ya daina. A 2023 na zama cikakkiyar nas mai rijista, shekarar da aka sa hannu akan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Har yanzu abin bai tafi duka ba. In akace ni zan yi wa masu awon ciki jawabi da safe sai naji cikina ya juya, biki ma ba kowanne nake zuwa ba. Bambancin shine yanzu in tsoron ya zo bana ɗaukarsa shaida akan cewa ni ba komai bace. Kuma ina da magana da manyanmu, sistoci da malamai, da girmamawa nake faɗa dan nasan aiki ya muku yawa, nas ɗaya ga gadaje fiye da ƙima ga rashin kayan aiki. Amma tsawa a gaban mara lafiya bata taɓa gyara hannun da ke rawa ba. Ɗalibar da tayi shiru a ja ta gefe a tambayeta ita kaɗai, sau da yawa za'a sha mamakin abinda ta sani. Iyaye kuma a dinga bambance kunya da tsoro. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya bata hana su neman sanin addini ba, to duk kunyar da ta hana yarinya tambaya a aji, ta hanata cin abinci, ta hanata karɓar canjinta, a bincika, wataƙila wahala take sha ana yaba mata.

Ni yanzu in ɗalibai suka zo bana jira su kawo littafi, ni nake cewa ku kawo in gani, kuma na bayan nake fara kira, a hankali, ba a gaban kowa ba. Akwai wata a cikinsu da ta rubuto min takarda kwanaki, na rakata inda aka taimakeni, tana kan zuwa. Ina kuma shirin neman gurbin ƙarin karatu a fannin jinyar ƙwaƙwalwa a can Barnawa. Abba ya amince, Umma ce har yanzu take cewa in zaɓi unguwar zoma ko wani fannin da za'a iya faɗa a cikin dangi, muna kan magana da ita. Dan Allah ku sa ni a addu'a Allah ya sa ta yarda.